Tarihin Rayuwar Waliyyi Agustin, Bishop na Hippo (354 zuwa 430)

Waliyyi Agustin yana cikin manyan malaman addinin Kirista da nahiyar Afirka ta haifa. Ya riƙe muƙamin bishop a birnin Hippo, wanda a yau ake kira Annaba a ƙasar Aljeriya, har tsawon shekara 34 ko fiye, kuma har yanzu ana karantar da littattafansa a makarantun horar da limaman Katolika.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi ranar 13 ga Nuwamba, shekara ta 354 Miladiyya, a garin Tagaste, watau Suk Ahras ta yanzu, lokacin da arewacin Afirka ke ƙarƙashin daular Rumawa. Mahaifinsa Patrisiyus ɗan majalisar gari ne mai 'yar gona, wanda bai karɓi addinin Kirista ba sai gab da rasuwarsa. Mahaifiyarsa Monika kuwa Kirista ce mai riƙon ibada. Ya yi karatu a Madaura, har kuɗi suka yanke ya zauna gida shekara guda. Daga baya wani attajirin garinsu mai suna Romaniyanus ya ɗauki nauyinsa zuwa Kartej, kusa da Tunis ta yau, inda ya ƙware a ilimin balaga da harshen Latin.

A can ya zauna da wata mata ba tare da ɗaurin aure ba, suka haifi ɗa mai suna Adeyodatus. Ya kuma bi addinin Mani na wajen shekara tara, abin da ya daɗe yana damun mahaifiyarsa.

Tubarsa

A 383 ya tafi Roma, a 384 kuma aka naɗa shi malamin balaga a Milan, inda fadar sarki take a lokacin. Wa'azin Ambrus, bishop na birnin, shi ya warware masa shakkun da yake yi game da Littafi Mai Tsarki. Ya ajiye aikinsa a 386, Ambrus ya yi masa baftisma a bikin Ista na 387. A wannan shekara Monika ta rasu a Ostiya suna shirin komawa gida. Da ya isa Tagaste a 388 sai ya sayar da gadonsa ya raba wa matalauta, ya keɓe da abokansa domin nazari da addu'a.

Aikinsa na bishop

A 391 ya kai ziyara Hippo, jama'a suka matsa lamba aka naɗa shi fada ba da son ransa ba. Wajen 395 ya zama bishop, ba da jimawa ba ya gaji Baleriyus a kan kujera. A wancan zamani doka ta ba bishop ikon sauraron ƙararraki, saboda haka yakan wuni yana sasanta rigingimun gado, gonaki da bashi. Yakan rubuta wa hukumomi wasiƙun neman sassauci ga waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Da yake mutanen karkara da yawa harshen Funik suke ji, ya riƙa neman limamai masu jin harshen domin a tura su ƙauyuka. A wata wasiƙarsa ya ba da labarin yadda mabiyansa suka kuɓutar da mutum wajen 120 daga hannun fataken bayi a tashar jiragen ruwan Hippo.

Babbar matsalar zamaninsa ita ce rabuwar Kiristocin Afirka gida biyu, Katolika da mabiya Donatus. A taron Kartej na 411, wanda bishop-bishop fiye da 500 suka halarta, hukunci ya faɗa wa Katolika. Sai dai Agustin, wanda da farko ya fi son lallashi, ya koma goyon bayan hukuma ta tilasta wa 'yan Donatus dawowa, matakin da masana da dama ke sukarsa a kai har yau. Ya kuma yi doguwar muhawara da mabiya Felajiyus, inda ya tsaya a kan cewa ɗan Adam ba ya samun ceto da ƙoƙarinsa sai da alherin Allah.

Littattafansa

A cikin Confessiones, mai kashi 13, ya bayyana kurakuran ƙuruciyarsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Bayan da mayaƙan Alarik suka wawashe Roma a 410, wasu suka ɗora wa Kiristoci laifi, sai ya shafe 413 zuwa 426 yana rubuta amsa a littafin Birnin Allah mai kashi 22. Da tsufa ya zo masa, ya sake bin littattafansa 93 yana gyara inda ya ga ya yi kuskure.

Rasuwarsa

A 429 mayaƙan Bandal suka ƙetaro daga Sifen, suka kewaye Hippo a shekara mai biye. Agustin ya ƙi barin jama'arsa, ya rasu cikin birnin ranar 28 ga Agusta, 430, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba domin ba shi da dukiya, illa ya yi umarni a kula da ɗakin littattafan cocin. Kabarinsa yana Fabiya a Italiya.

Limaman ƙungiyar da ke bin ƙa'idarsa, waɗanda suka zo daga ƙasar Ailan, sun fara aiki a lardin Adamawa a 1940, kuma babbar makarantar horar da limamai da ke Jos sunansa take ɗauke da shi. Fafaroma Leo na 14, wanda aka zaɓa a 2025, ɗan wannan ƙungiya ne.