Kulod Mone, mai zanen haske

An haifi Kulod Mone a birnin Pari, ƙasar Faransa, ran 14 ga watan Nuwamba 1840. Yana da shekara 5 iyayensa suka koma Le Havre, wani gari na bakin teku. Ubansa ɗan kasuwa ne, ya so yaron ya gaji sana'arsa. Amma Mone ba abin da yake so sai zane. Yakan zana fuskokin mutanen gari da manyan hanci don ban dariya, yana sayarwa.

A garin akwai wani mai zane ana ce da shi Eugène Boudin. Shi ne ya ja yaron zuwa bakin teku, ya koya masa duban sama da ruwa da gajimare, ya zana su nan take. A zamanin nan yawancin masu zane cikin ɗaki suke aikinsu. Fita waje ta yi sauƙi ne bayan 1841, da aka fara ɗura fentin mai cikin ƴan kwalaye na ƙarfe masu murfi.

A 1861 aka ɗauki Mone soja, aka kai shi Aljeriya. Can ya ga hasken ranar Afirka. Ciwo ya kama shi a 1862, sai ya koma gida.

Daga nan wahala ta fara. Manyan masu shirya baje kolin zane na Pari suka sha ƙin aikinsa. Bashi ya yi masa yawa, wani lokaci ko kuɗin fenti babu. A 1874 shi da abokansa suka shirya nasu baje koli. Mone ya nuna zanen fitowar rana bisa ruwan Le Havre. Wani ɗan jarida ya yi masa ba'a, yana ganin aikin bai ƙare ba. A 1879 matarsa Camille ta rasu, ta bar masa yara 2. Duk da haka bai aje burushi ba.

Mene ne sabo cikin aikinsa? Sauran masu zane sukan shafe fenti sumul, har ba a ganin sawun burushi. Shi kuwa sai ya riƙa ɗora ƴan gajerun shafe kusa da kusa: ga shuɗi, ga ja, ga ruwan ɗorawa. In ka matso, sai ka ga dabbare-dabbare. In ka ja da baya, sai launukan su haɗu cikin idonka, ka ga ruwa yana ƙyalli. Inuwa kuma ba baƙa yake yi mata ba, domin ya lura akwai shuɗi da shunayya cikinta.

A 1883 ya koma ƙauyen Giverny. Kusa da gidansa manoma sukan tara alkama tsibi-tsibi, kowane da kai mai tsini, kamar rumbunan da muke gani a Gazawa da Agye. Daga kakar 1890 zuwa 1891 ya zana waɗannan tsibi wajen sau 25: da hantsi, da maraice, cikin hazo, cikin ƙanƙara. Yakan fita da ƙyallaye da yawa. Haske na sakewa, sai ya aje wannan ya ɗauki wancan. Daga baya ya ƙarasa su cikin ɗaki.

Ku lura da tsarinsa. Sau da yawa ba ya sa tsibin a tsakiyar ƙyalle, sai gefe guda. Inuwarsa tana miƙewa bisa gona, tana jan ido. Can baya ga gidaje da itatuwa ƙanana, launinsu ya kode, don a san suna nesa. A 1891 ya nuna 15 daga cikinsu a Pari, mutane suka yi ta saye. Talauci ya ƙare.

Da tsufa ya yi tafki a lambunsa, ya shuka bado, ya zana shi wajen sau 250. Zanen da bai gamshe shi ba yakan keta shi. Yana ta rufe masa ido, aka yi masa aiki a 1923, ya koma ga burushinsa. Ya rasu ran 5 ga watan Disamba 1926, yana da shekara 86.

Tambayoyi

1. Wa ya koya wa Mone zane a waje?
2. Don me aka yi wa aikinsa ba'a a 1874?
3. Ina dabarar nuna abin da ke nesa?

Aiki

Ku zaɓi rumbu ɗaya, ko gawo ɗaya na bakin gulbin Gidan Rumji. Ku zana shi da safe, ku sake zana shi da la'asar. Ku gwada inuwoyin biyu: ina kowace ta nufa, kuma wane launi gare ta?