John von Neumann: Masanin da ya hango cikas ɗin kwamfuta tun tana jaririya

Duk mai shago a Tudun Wadan Gusau ya san cewa kayan da ake yawan tambaya a kan kanta ake jera su, buhuna kuwa suna sito. Wanda ya ce sai ya je sito saboda kowane mai saye, kasuwa za ta watse ya bar ciniki a baya. A kan wannan hikima aka tsara ƙwaƙwalwar kowace kwamfuta da wayar hannu, kuma cikin waɗanda suka fara rubuta ta akwai John von Neumann.

An haife shi a Budapest ta ƙasar Hangari ranar 28 ga Disamba, 1903, mahaifinsa ma'aikacin banki ne. Ya karanta injiniyancin sinadarai a Zurich, sannan ya sami digirin dakta a lissafi a 1926, yana ɗan shekara 22. A 1930 ya tafi Princeton a Amurka, inda daga 1933 ya yi aiki a cibiyar bincike ɗaya da Albert Einstein. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi Los Alamos a 1943, kuma nauyin lissafin bam ɗin nukiliya ne ya nuna masa buƙatar na'ura mai sauri.

A 1945 ya rubuta rahoto a kan kwamfutar EDVAC, wanda ya bayyana yadda za a ajiye umarni da bayanai a ma'adana ɗaya. Sunansa kaɗai ya fito a kan rahoton, lamarin da ya ɓata ran Presper Eckert da John Mauchly, waɗanda suka ƙera ENIAC, domin suna ganin da guminsu a ciki. A shekarar ce kuma ya tsara dabarar jera bayanai: a raba su kashi-kashi, a jera kowane kashi, sannan a haɗe.

A 1946, shi da Arthur Burks da Herman Goldstine suka bayyana matsalar da har yau ake fama da ita: ma'adana mai sauri ƙarama ce, babba kuwa tana da nawa. Mafita ita ce a yi ta hawa-hawa, ƙarama a kusa, babba a nesa. Kwamfutar da ya gina a Princeton gurbi 1,024 kacal ke cikin ma'adanarta mai sauri.

Ciwon daji ya yi ajalinsa a Washington ranar 8 ga Fabrairu, 1957, yana da shekara 53. Bai ga ma'ajiyar kusa ba, wadda Maurice Wilkes ya bayyana a 1965, kamfanin IBM kuma ya sanar da kwamfuta mai ɗauke da ita a 1968. Wannan ma'ajiya idan ta je ɗauko abu ɗaya takan kwaso har da maƙwabtansa, kamar yaron shago mai ɗauko katan guda maimakon gwangwani ɗaya. Saboda haka manhajar da ke karanta bayanai a jere ta fi mai tsalle-tsalle sauri, kuma dabararsa ta 1945 a jere take karantawa. A 1999 masana a jami'ar MIT suka sabunta ta yadda za ta dace da kowace ma'ajiya, komai girmanta, shekara 42 bayan mutuwarsa.