Jim Kobet: Maharbin Da Ya San Harshen Dawa

Jama'a, duk wanda ya tashi a wajajenmu ya san maharbi ba ya shiga daji da ƙarfi, sai da dabara. Mun ga yadda maharbanmu kan ɗaura kan burtu a goshi, su duƙa suna tafiyar tsuntsu har barewa ta saki jiki. To, a wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Indiya ne, mu kawo muku tarihin wani Bature da ya kai wannan ilmi matuƙa.

An haifi Jim Kobet a shekarar 1875 a garin Nainital, cikin duwatsun arewacin Indiya. Tun yana yaro daji ne makarantarsa. Ya gane cewa dabba mai farauta ba ta iya ɓoye tafiyarta, domin biri a kan itace da barewa da ɗawisu kowa na da kukan da yake yi in ya hango ta. Da kunne kawai Kobet kan san inda damisa take da inda ta dosa. In ya ga sawu kuwa, sai ya faɗi mace ce ko namiji, tsohuwa ce ko mai rauni.

Damisar da muke magana ba irin tamu mai roɗi-roɗi ba ce. Wannan mai ratsi-ratsi ce, girmanta ya kai na zaki. Wata daga cikinsu ta addabi Nefal da yankin Campawat, har aka lissafa mutum 436 da ta kashe. Mata sun daina zuwa itace, gonaki sun zama kufai. A 1907 Kobet ya bi sawunta, ya tara mutanen ƙauyuka da ganguna suka koro ta daga kwazazzabo, ya harbe ta. Da ya buɗe bakinta sai ya tarar fiƙoƙinta biyu a karye, aikin wani tsohon harbi. Nan ya fahimci yawanci rauni ko tsufa ko ƙayar beguwa ke sa dabba ta bar naman daji ta koma kan mutane.

Amma abin da aka fi tunawa da shi ya faru ne ran 30 ga Nuwamba, 1938, kusa da ƙauyen Tak. Ya sha wahalar bin wata damisa, ga shi ranar ce ta ƙarshe da ya ɗiba wa kansa. Rana ta kusa faɗuwa sai ya ji kukanta daga nesa, tana neman namiji, don lokacin barbara ne. Sai gogan naka ya cika ƙirji ya amsa mata da muryar namijin. Ta yi, ya yi, tana matsowa. Yana tare da mutum huɗu ba makami, in duhu ya riga ta isowa, shi ke nan sai yadda hali ya yi. Da sauran ɗan haske ta bayyana gab da shi, ya sakar mata harsashi.

Abin mamaki, mutumin nan ya fi son kyamara da bindiga a ƙarshen rayuwarsa. Ya sa hannu wajen kafa gandun namun daji a 1936, wanda daga baya aka raɗa masa sunansa. A 1947 ya koma Kenya, ya rasu a garin Niyeri a 1955.

To, mu fa? Daga nan Lafiya zuwa gandun Pandam ba nisa, amma yaranmu nawa ne za su bambance kukan gada da na gwanki? Kowa na iya cinna wa daji wuta a rani don gafiya, wannan ba harbi ba ne. Tsofaffin maharbanmu na nan da ransu. Mu tura yara su zauna a gabansu tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.