Theodor Escherich

Theodor Escherich (29 ga Nuwamba, 1857 – 15 ga Fabrairu, 1911) likitan yara ne ɗan ƙasar Jamus, wanda ya fara bayanin ƙwayar bakteriyar da ake kira Escherichia coli, mai zama a hanjin ɗan Adam.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Ansbach na yankin Bavariya. Mahaifinsa ma likita ne. Ya fara karatun likitanci a Jami'ar Würzburg a shekarar 1876, ya kammala a 1881.

Bincike

A wancan zamani gudawa na kashe jarirai da yawa a Turai, likitoci kuma ba su san ainihin dalilinta ba. A 1884 Escherich ya je Naples a Italiya lokacin annobar kwalara. Daga nan ya zauna a Munich yana duba kashin jarirai da madubin likita. Ya gano cewa ba a haihuwar jariri da bakteriya a kashinsa na farko, amma cikin sa'o'i kaɗan sai su fara cika hanjinsa. Ya kuma ga bambanci tsakanin ƙwayoyin jariri mai shan nono da na wanda ake ba wani abinci.

A 1885 ya bayyana ƙwayar da ya samu a hanjin jarirai masu lafiya, ya kira ta Bacterium coli commune. A 1886 ya wallafa littafi a kan ƙwayoyin hanjin jariri da alaƙarsu da narkewar abinci. Daga baya ya nuna cewa wannan ƙwaya, wadda ba ta cutarwa a mazauninta, tana iya jawo ciwon mafitsara idan ta shiga can.

Koyarwa da mutuwa

Ya zama farfesa a Graz a 1890, sannan a Viyana a 1902, inda ya shugabanci asibitin yara na St Anna. A 1903 ya kafa ƙungiyar kare jarirai mai ƙarfafa wa iyaye mata shayar da nono. Ya mutu a Viyana yana da shekara 53.

Tasiri

A 1919 aka sauya wa ƙwayar suna don tunawa da shi. Bincike na baya ya tabbatar da cewa yawancin ire-irenta ba sa cutarwa, wasu kuwa na haddasa gudawa. An kuma samu wani iri mai manne wa bangon hanji a jikin masu cutar Crohn, wato kumburin hanji mai daɗewa.