Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa: malamin Bauchi da ya ɗauko darasin tarayya daga Amurka

Dubban ɗalibai ne ke ratsa ƙofar jami'ar da ke unguwar Yelwa a birnin Bauchi kowace safiya, a ƙarƙashin sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. An kafa jami'ar a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka sanya mata sunansa a 1988. Mafi yawan matasan nan sun san fuskarsa ne a jikin takardar naira biyar, sun kuma san shi ne Firaminista na farko, kuma na ƙarshe, da Nijeriya ta yi. Abin da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba shi ne yadda ɗan bawan Allah marar sarauta ya hau wannan matsayi, da yadda wata tafiya da ya yi zuwa Amurka ta sauya masa ra'ayi kan zaman Nijeriya ƙasa ɗaya, da kuma yadda ikon gwamnatin tarayya, wanda ya yi imani da shi, ya zame masa jarrabawar da har yau ba a gama gardama a kanta ba.

An haife shi a watan Disamban 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, kudu da Bauchi. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala mutumin ƙabilar Gere ne da ke hidima a gidan hakimin ƙasar Lere, mahaifiyarsa Fatima Inna kuwa Bafulatana ce. A Arewar wancan zamani, inda asali ke yanke wa mutum iyakar inda zai kai, gida irin wannan ba a sa ran zai fitar da mai mulki. Makarantar boko ce ta buɗe masa hanya, ita ma a lokacin da manya da yawa ke ƙyamar tura 'ya'yansu cikinta. Bayan karatun allo da na elementare, ya zarce makarantar lardi a Bauchi, daga nan ya shiga Kwalejin Katsina a 1928. Ya fito a 1933, ya komo gida ya kama koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, har ya zama shugabanta.

Kwalejin Katsina ƙaramar makaranta ce, amma ita ta ƙyanƙyashe kusan duk zuriyar da ta karɓi mulkin Arewa daga hannun Turawa, cikinsu har da Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Hukuma ce ta ɗauki nauyin ciyar da su da tufatar da su, ta kuma ba su aiki ranar da suka gama. Wannan gaskiya ce da ya kamata mai yabon wancan zamani ya riƙa tunawa: ƙwazo na nan, amma tsanin gwamnati ne ta kafa, kuma 'yan ƙalilan ne aka bai wa damar taka shi.

Tun yana sabon malami ya nuna baiwarsa ta harshe. A gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a ƙarƙashin Rupert East, ya shigar da Shaihu Umar, labarin yaron da cinikin bayi ya raba da mahaifiyarsa ya ƙetara Sahara da shi. An buga littafin a 1934, kuma Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Turancinsa kuwa, da natsuwar muryarsa, su suka jawo masa laƙabin mai muryar zinariya daga baya.

Bauchi ta shekarun yaƙin duniya na biyu ba garin barci ba ce. A can ne Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya koyar a Midil, suke zaman muhawara da jami'an Turawa da ma'aikatan En'e kan haraji, da aikin tilas, da ikon sarakuna. Malam Abubakar yana cikin wannan da'ira, sai dai halinsa daban ne da na abokan nan biyu. Su suna son a tumɓuke, shi yana son a gyara a hankali. Bayan ya yi shekara guda a sashen horar da malamai na Jami'ar Landan, daga 1945 zuwa 1946, aka zaɓe shi Majalisar Arewa, sannan Majalisar Dokoki ta ƙasa a 1947. Duk da sanyin halinsa, shi ne a watan Agustan 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya gabatar da ƙudurin a binciki tsarin mulkin En'e a yi masa garambawul, yana mai nuna cewa talaka ba shi da bakin magana a cikinsa. Maganar ta girgiza fadoji da dama, ta kuma share fagen gyare-gyaren da suka biyo baya.

A waɗannan shekaru bai ɓoye shakkarsa kan haɗin kan Nijeriya ba. Ya sha bayyana a majalisa cewa haɗewar 1914 a takarda take, kuma buri ne na Ingila, ba na al'ummomin da aka haɗa ba. Tsoronsa a fili yake: Kudu ta yi wa Arewa nisa a ilimin zamani, don haka 'yanci na gaggawa zai iya zama sauyin ubangida kawai. Rikicin 1953, bayan Anthony Enahoro ya nemi a ba da mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi, aka yi musu ihu a titunan Legas, aka kuma zubar da jini a Kano, ya ƙara tabbatar wa mutane irinsa da wannan tsoro.

Sai ga tafiyar 1955. Yana Ministan Sufuri, bayan ya riƙe ma'aikatar ayyuka tun 1952, ya je Amurka don ya ga yadda ake safarar kaya ta kogunan Misisipi da Ohayo, da nufin a yi amfani da wannan ilimi a kogunan Neja da Binuwai. Abin da ya dawo da shi ya wuce batun jiragen ruwa. Ya ga ƙasar da mutane masu asali daban-daban suka gina cikin ƙasa da shekara 200, kowace jiha da gwamnatinta da dokokinta, amma tuta ɗaya da kasuwa ɗaya. Daga baya ya bayyana cewa a wannan tafiya ne ya daina ganin haɗin kan Nijeriya a matsayin abin da ba zai yiwu ba. Dole a ce hoton da ya gani bai cika ba, domin a shekarar ce baƙaƙen fata na garin Montgomery suka fara ƙaurace wa motocin bas saboda wariyar launin fata, kuma tarayyar da ta burge shi sai da ta sha yaƙin basasa kafin ta tsaya da ƙafafunta. Amma darasin da ya ɗauka ya zauna masa: ana iya zama tare ba tare da kowa ya narke cikin wani ba, in dai an raba iko tsakanin tsakiya da sassa.

A 1957 aka naɗa shi Firaminista, ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa da ta ƙunshi jam'iyyarsa ta NPC da NCNC da AG. Bayan zaɓen Disamban 1959, NPC ta haɗa kai da NCNC, Cif Obafemi Awolowo ya zama jagoran adawa. Ranar 1 ga Oktoban 1960 ya karɓi takardun 'yanci a Legas, kwana shida bayan haka ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, Nijeriya ta zama mamba ta 99. Mujallar Time ta sanya hotonsa a bangonta a watan Disamban shekarar.

Ziyararsa ta biyu mai muhimmanci zuwa Amurka ta zo ne a watan Yulin 1961, bisa gayyatar Shugaba John Kennedy. Ya yi jawabi ga 'yan majalisar dokokin ƙasar a Washinton, sanye da babbar riga da hula, aka yi ta tafa masa. Mutanen biyu tsararraki ne, shekara biyar ce tsakaninsu, amma hanyoyinsu ba su yi kama ba ko kaɗan. Kennedy ɗan hamshaƙin attajiri ne wanda ya taɓa zama jakadan Amurka a Landan, gadon dukiya da suna suka share masa hanya. Baƙonsa kuwa ɗan mai hidima ne a gidan hakimi. A ƙarshen shekarar Amurka ta yi alƙawarin dala miliyan 225 don tallafa wa shirin raya ƙasa na 1962 zuwa 1968, shirin da madatsar ruwan Kainji ke tsakiyarsa. Ranar 23 ga Agustan 1963 su biyun suka yi magana ta wayar tarho da ta bi ta tauraron ɗan'adam na Syncom, ta hanyar wani jirgin ruwan Amurka da ke tashar Legas, karo na farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka zanta ta wannan hanya. Wata uku bayan haka aka harbe Kennedy a Dallas.

Masu sukarsa a gida, musamman ɗalibai da 'yan ƙwadago, suna ganin ya cika jingina da ƙasashen Yamma. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma matsin lambarsu ne ya sa aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a watan Janairun 1962. Sai dai gwamnatinsa ce ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin makamin nukiliya a Sahara, ta tura sojoji da 'yan sanda aikin zaman lafiya a Kwango, ta tsaya kai da fata kan mulkin wariya har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963, kuma ra'ayin ɓangarensa na haɗin kai sannu a hankali ne ya rinjayi na Kwame Nkrumah.

A cikin gida ne tarayyar ta nuna inda ta bambanta da wadda ya gani a ƙetare. Amurka tana da jihohi 50, babu wadda za ta iya danne sauran ita kaɗai. Nijeriya kuwa yankuna uku ne, kuma Arewa tana da kujeru 174 daga cikin 312 na majalisar wakilai. Kowane yanki yana da jam'iyyarsa, da hukumar cinikin amfanin gonarsa, da 'yan dokarsa ko 'yan sandan ƙananan hukumomi a Arewa da Yamma. Shi kansa Firaminista mataimaki ne a jam'iyyarsa, shugabanta Sardauna yana Kaduna ya ƙi zuwa Legas. Mutum ne da aka ɗora a tsakiya, alhali ƙarfin yana gefe.

Da rikici ya ɓarke a jam'iyyar AG tsakanin Awolowo da Firimiya Samuel Ladoke Akintola, har aka yi jifa da kujeru a majalisar Ibadan, gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a Yamma a watan Mayun 1962, ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Bayan wata shida da 'yan kai aka mayar da Akintola kujerarsa, a watan Satumban 1963 kuma kotu ta ɗaure Awolowo shekara 10 bisa laifin cin amanar ƙasa. Abin lura, a shekarar 1962 ɗin nan ce Kennedy ma ya tura dakarun tarayya jihar Misisipi don a tilasta wa jami'arta karɓar ɗalibi baƙar fata, James Meredith. Bambancin shi ne Kennedy yana aiwatar da hukuncin kotu ne, nan kuwa wanda ya ci ribar matakin abokin tafiyar jam'iyya mai mulki ne, wanda ya yi asara kuma jagoran adawa. Ko da niyyar Sir Abubakar ta kasance mai kyau, wannan tabo bai goge ba a idon mutanen Yamma.

Daga nan al'amura suka yi ta tsinkewa. Aka soke ƙidayar 1962, ta 1963 ta ba da adadin mutum miliyan 55.6 wanda Gabas ta ƙi amincewa da shi. Ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari a watan Yunin 1964, aka tura soja ƙasar Tibi, zaɓen Disamba kuma ya zo da ƙauracewa, har Shugaban Ƙasa Nnamdi Azikiwe ya yi kwanaki bai gayyace shi kafa gwamnati ba. Zaɓen Yamma na Oktoban 1965 ya fi kowanne muni, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe. A wannan karo, da ake da dalilin da ya fi na 1962 ƙarfi, gwamnatin tarayya ba ta ayyana dokar ta-ɓaci ba. Nan ne hukuncin tarihi ya fi yi masa nauyi: ya yi amfani da ikon tsakiya lokacin da ana iya haƙuri, ya janye hannu lokacin da jini ke zuba. Masu kare shi suna cewa hannayensa a ɗaure suke da ƙawancen jam'iyya, kuma wannan ma gaskiya ne, sai dai ba ya rage yawan waɗanda suka mutu.

Abin da ko abokan hamayyarsa ba su tuhume shi da shi ba shi ne tara dukiya. Ya yi shekara 14 yana minista da Firaminista, amma abin da aka san shi da shi a Bauchi gida ne marar ƙawa da gona, inda yake zuwa hutu. A zamanin da ake ta ƙorafin ministoci masu karɓar kashi goma cikin ɗari, sunansa bai shiga wannan jeri ba.

A ranakun 11 da 12 ga Janairun 1966 ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan tawayen Turawan Rodeshiya, karo na farko da aka yi irin wannan taro a wajen Landan. Da tsakar daren 15 ga wata sojoji suka ɗauke shi daga gidansa, a daren da aka kashe Sardauna a Kaduna da Akintola a Ibadan. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kawo ta Bauchi aka yi masa sutura. Yana da shekara 53.

Waɗanda suka zo bayansa sun karkata ga misalin Amurka fiye da yadda shi ya taɓa yi. A 1967 aka rusa yankuna aka yi jihohi 12, a 1976 Bauchi ta zama jiha mai cin gashin kanta, tsarin mulkin 1979 kuma ya soke muƙamin Firaminista baki ɗaya, ya kawo shugaban ƙasa mai cikakken iko da majalisun dattawa da na wakilai irin na Washinton. Kabarinsa yana cikin birnin Bauchi, a ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, tare da ɗakin da aka adana wasu kayayyakinsa da faya-fayan jawabansa.