Zhou Enlai: Mai Ɗinke Ɓarakar Ƙasar Sin

Edita,

Don Allah ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in tuna wa 'yan'uwana manoma da 'yan tireda labarin Zhou Enlai, firayim ministan ƙasar Sin tun daga 1949 har rasuwarsa a 1976.

An haife shi a 1898. Shi ya wakilci Sin a taron Bandung na 1955, kuma daga ƙarshen 1963 zuwa farkon 1964 ya zaga ƙasashe 10 na Afirka, ciki har da Gana da Mali da Sudan, yana nema wa ƙasarsa abokai.

To jama'a, sai ga 1966, Mao ya ƙaddamar da abin da suka kira juyin juya halin al'adu. Ya sako samari masu jan kyalle a hannu, suna dukan malamansu da manyansu. Rikicin gida ya zubo waje. Aka kira jakadun Sin gida duka, banda na Masar. A watan Agusta 1967 yaran nan suka banka wa ofishin jakadancin Ingila wuta a Beijing. Abokantakar da Zhou ya yi shekaru yana nomawa, cikin damina ɗaya fari suka cinye ta.

Bai fito fili ya ja da Mao ba. Ya kare wasu, wasu kuma ya kasa. Ko 'yar riƙonsa a kurkuku ta mutu a 1968. Amma ya daure yana ɗinki. Bayan sojojin Sin da na Rasha sun yi arangama a kan iyaka a 1969, sai aka ga zaman kaɗaici ba zai yiwu ba. Jakadu suka fara komawa. A 1971 Nijeriya ta ƙulla hulɗa da Sin, Sin kuma ta karɓi kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1972 shugaban Amurka Nixon ya sauka Beijing, Zhou ne ya tarbe shi. A shekarar nan aka gano yana da ciwon daji, amma bai ajiye aiki ba.

Duk ɗan kasuwa ya sani, in ana faɗa a rumfarka mai saye ba ya tsayawa. Shugabanninmu sai a kula. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Mai karatunku,
daga Ɗambatta, Jihar Kano.