William Halsted, likitan da fiɗarsa ta mamaye maganin sankarar mama shekara 80

Daga ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa shekarun 1970, macen da aka gano tana da sankarar mama a Amurka da galibin ƙasashen Turai kusan hukunci ɗaya ke jiranta. A cire maman baki ɗaya, a cire tsokokin ƙirjin da ke ƙarƙashinsa, sannan a kwashe kaluluwar hammata. Wannan aiki sunan mutum ɗaya yake ɗauke da shi: William Stewart Halsted.

An haife shi a birnin Niyok a 1852, cikin gidan attajirai. A jami'ar Yale wasanni suka fi ɗauke masa hankali, sai a ƙarshen zamansa can ya karkata ga aikin likita. Ya samu digirin likita a 1877, ya tafi Ostiriya da Jamus ya yi shekara biyu yana kallon manyan masu fiɗa na zamanin. Da ya komo Niyok a 1880, an san shi da saurin hannu da ƙarfin hali. Ya taɓa ɗibar jininsa ya ƙara wa ƴar'uwarsa da ta zubar da jini bayan haihuwa, ya kuma yi wa mahaifiyarsa aikin tsakuwar matsarmama a cikin gida, bisa teburin ɗakin girki.

A 1884 wani likitan ido a Biyana, Karl Koller, ya nuna cewa hodar ibilis tana kashe zafi a ido. Halsted da abokan aikinsa suka shiga gwada ta a jikinsu, suna allurarta kusa da jijiya don su kashe zafin sashen jiki ɗaya kawai. Dabarar ta yi aiki, kuma ita ce tushen irin allurar da likitan haƙori ke yi a yau. Amma maganin ya kama su. An kwantar da Halsted a wani asibiti a garin Providence, inda aka yi ƙoƙarin raba shi da hodar ta hanyar ba shi morfin. Ya fito da jaraba biyu maimakon ɗaya.

Abokinsa William Welch ne ya ceto shi, ya kira shi Baltimore inda ake shirin buɗe asibitin Johns Hopkins a 1889. Mutumin da ya isa can ya sauya ƙwarai. Ya zama miskili mai gudun jama'a, kuma a ɗakin fiɗa ya daina gaggawa. Yana ɗaure kowace ƴar jijiyar jini, yana ɗinki da zaren siliki siriri, yana taɓa nama a hankali kamar mai tsoron ya farka. Aikin da wasu ke gamawa cikin sa'a ɗaya shi sai ya kai sa'a huɗu, amma marasa lafiyarsa sun fi warkewa. A wannan ɗaki ne wata ma'aikaciyar jinya, Caroline Hampton, ta koka cewa ruwan kashe ƙwayoyin cuta yana cin fatar hannunta. Halsted ya sa kamfanin Goodyear ya yi mata safar hannu ta roba marar kauri. Daga nan safar ta shiga aikin fiɗa, ita kuma Caroline ta zama matarsa a 1890.

Matan da ke zuwa masa da sankarar mama a lokacin, galibi cutar ta riga ta yi nisa: ƙulli babba, wani lokaci ya fashe ya zama gyambo mai wari. Idan an yanke, a hannun manyan likitocin Turai ma, fiye da rabin matan cutar na sake tsirowa a wurin tabon. Halsted ya ɗauka cewa sankara tana yaɗuwa ne daki-daki, daga mama zuwa kaluluwar hammata, daga nan zuwa wuya da ƙirji, kamar ruwan da ke bin kwata. In haka ne, wanda ya yanke ya zarce inda ta kai, ya kuma ɗauke komai dunƙule ɗaya ba tare da wuƙa ta ratsa ƙullin ba, to ya gama da ita.

A 1894 ya wallafa sakamakon mata 50 da ya yi wa wannan aiki. Uku kawai cutar ta dawo wa a wurin da aka yanke, wato kashi 6 cikin 100. Duniyar likitoci ta girgiza, kuma da dalili. Sai dai akwai tambayar da alƙaluman ba su amsa ba. Rashin dawowar ƙulli a ƙirji abu ɗaya ne, tsira da rai wani abu ne daban. Rahoton da shi kansa ya gabatar a 1907 ya nuna haka ƙarara: yawancin matan da cutar ba ta kai kaluluwarsu ba sun rayu, waɗanda kuwa ta riga ta haura zuwa wuyansu kusan duk sun mutu, duk da girman yankan. Abin da ke raba mai rai da mai mutuwa shi ne matakin da cutar ta kai kafin a taɓa ta. Halsted da almajiransa suka fahimci abin a baibai, suka ga kamar wuƙar ce ba ta yi nisa ba. Wasu da suka biyo baya har haƙarƙari suka riƙa cirewa.

Matan ne suka biya kuɗin wannan fahimta: ƙirji ya lotsa, kafaɗa ta sage, hannu ya kumbura har ƙarshen rayuwa saboda an toshe hanyar ruwan jiki. Halsted ya san da kumburin, ya ma yi rubutu a kansa a 1921.

Abin mamaki, tun yana raye akwai alamun da ke nuni da wata hanya. A 1895 George Beatson na birnin Glasgow, wanda ya yi nazarin yadda dabbobi ke kawo nono, ya cire wa wata mai sankarar mama gidan ƙwai, ƙullin ya ja baya. Ma'ana, wani abu da ke yawo cikin jini yana ciyar da cutar daga nesa. A 1932 Antoine Lacassagne na cibiyar Radium ta birnin Faris ya yi wa ɓeraye maza allurar sinadarin estrojen, suka kamu da sankarar mama. Wannan layin bincike ne daga baya ya kai ga ƙwayar tamoxifen. A Landan kuma Geoffrey Keynes ya riƙa cire ƙulli kaɗai yana haɗawa da alluran radiyom, ya samu sakamako mai kama da na babban yanka. Ba a saurare shi ba.

Dalilin ƙin sauraron yana cikin babbar nasarar Halsted ɗin kanta. Shi ya kafa tsarin horar da likitocin fiɗa na shekaru da dama a cikin asibiti, tsarin da Amurka ke bi har yau. Almajiransa, cikinsu har da Harvey Cushing uban fiɗar ƙwaƙwalwa, suka zama shugabannin sassan fiɗa a manyan jami'o'i, su ma suka horar da nasu. Musanta aikin malam ya zama kamar fita daga zuri'a.

Ya rasu a Baltimore ranar 7 ga Satumba 1922, bayan aikin tsakuwar matsarmama da ciwon huhu ya biyo baya, saura kwanaki ya cika shekara 70. Sai a 1969, da aka buɗe wani rubutun sirri na abokin aikinsa William Osler, aka tabbatar cewa yana shan morfin a shekarun da yake shugabantar sashen fiɗa.

Gwajin da ya kamata a yi tun farko sai a 1971 aka fara shi. Bernard Fisher na Pittsburgh, wanda bincikensa a ɗakin gwaji ya nuna masa cewa ƙwayoyin sankara na iya shiga jini tun da wuri, ya raba mata fiye da 1,600 ta hanyar ƙuri'a: wasu aka yi musu aikin Halsted, wasu aka cire mama kaɗai. Tsawon rayuwarsu bai bambanta ba. A Milan, Umberto Veronesi ya gwada mata 701 masu ƙaramin ƙulli, ya wallafa a 1981 cewa cire ɓangaren mama tare da gashi da na'urar haske daidai yake da babban yanka.

Wannan sakamako yana da sharaɗi biyu: ƙullin ya zama ƙarami, kuma a samu na'urar gashi. A Nijar, inda sankarar mama ke kan gaba cikin sankarorin mata, sai a 2021 aka fara gashin a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai, kuma mata da yawa suna isa asibiti da ƙulli irin wanda Halsted ya riƙa gani a 1890, wasu saboda tsoron rasa maman ne suka jinkirta. A irin wannan mataki sau da yawa cirewar ba makawa. Aikin da aka fi yi yanzu shi ne wanda likitocin fiɗa ke kira Patey, da sunan David Patey na Landan da ya bayyana shi a 1948: ana cire mama da kaluluwar hammata, a bar babbar tsokar ƙirji a wurinta.